Audugar Mali, Tallafin Amurka: Wa Dokar Kasuwa Take Hawa Kansa?

A shekarar 2010 gwamnatin Amurka ta amince za ta riƙa biyan wata cibiya ta manoman audugar Brazil dala miliyan 147.3 duk shekara. Dalili kuwa shi ne alƙalan Hukumar Ciniki ta Duniya, WTO, sun same ta da laifin ba manomanta na auduga tallafin da ya saɓa wa doka, wanda kuma ya karya farashi a kasuwar duniya. Brazil ce ta shigar da ƙarar a 2002, ta yi nasara a 2004, aka ɗaukaka ƙara, ta sake yin nasara a 2005. Amurka ta yi ta jan ƙafa har zuwa 2009, lokacin da aka ba Brazil izinin ramawa da takunkumin ciniki na sama da dala miliyan 800. Da abin ya zo nan, sai Amurka ta zaɓi ta biya mai ƙara ya haƙura, ta ci gaba da ba manomanta abin da take ba su. A 2014 aka rufe maganar da dala miliyan 300 a dunƙule. Benin da Chadi sun shiga shari'ar a matsayin waɗanda abin ya shafa, kuma manomansu sun fi na Brazil jin jiki nesa ba kusa ba, amma babu wanda ya biya su diyya.

Masu sukar tsarin jari-hujja, irin su Samir Amin na Masar da ya yi yawancin rayuwarsa a Dakar, da Walter Rodney na Guyana, da namu na gida irin su Dakta Yusufu Bala Usman, sun daɗe ana yi musu kallon masu ɗora wa Turawa laifin komai. Wasu daga cikin mabiyansu sun cancanci wannan zargi, zan kuwa zo kansa. Amma ainihin hujjarsu ta fi haka ƙarfi. Cewa suke yi dokar kasuwar duniya iri biyu ce: wadda ake tilasta wa mai neman bashi ya bi, da wadda mai ba da bashin yake bi idan ya ga dama. A ganina babu inda wannan magana ta fito fili ƙarara kamar a harkar auduga, domin a nan akwai hukuncin kotu, akwai alƙaluma, akwai kuma gonaki da masaƙun da kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa.

Ga yadda tallafin yake aiki. A dokar noma da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Mayun 2002, an yanka wa manomin auduga farashin da gwamnati take son ya samu, santi 72.4 a kowace laba, wato nauyin da bai kai rabin kilo ba. A kakar 2001 zuwa 2002 kuwa farashin duniya ya faɗo zuwa wajen santi 40, faɗuwar da aka yi shekaru kusan talatin ba a ga irinta ba. Mafi yawan giɓin da ke tsakani baitulmali ne yake cike shi ta hanyoyi daban-daban. Akwai ma wani kuɗi na musamman da ake ba 'yan kasuwa da masaƙu don su sayi audugar Amurka ko da ta fi ta waje tsada. A ƙa'idar kasuwa da ake koyarwa a jami'a, idan farashi ya faɗi manomi yakan rage noma, kaya ya yi ƙaranci, farashi ya farfaɗo. Manomin Texas ko na Mississippi bai ga dalilin ragewa ba tunda aljihunsa bai ji faɗuwar ba. Ya ci gaba da nomawa, rarar ta kwarara kasuwar duniya, har kason Amurka a audugar da ake fitarwa ya doshi kashi 40 cikin ɗari a daidai lokacin da farashi yake ƙasa. Ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta a 2002 cewa manoma kimanin 25,000 ne suka raba kusan dala biliyan 4 a kaka guda, kuɗin da ya zarce duk abin da tattalin arzikin Burkina Faso yake samarwa a shekara. Ko a cikin waɗannan manoman ma, manyan gonaki ne suke kwashe kaso mafi tsoka.

Yanzu a dubi ɗaya ɓangaren. Manomin auduga a yankin Koutiala ko Sikasso na kudancin Mali yana da 'yan kadada kaɗan, da garmar shanu idan Allah ya hore masa. Kafin damina kamfanin auduga na gwamnati, CMDT, yake ba shi iri da taki da maganin feshi a bashi ta hannun ƙungiyar ƙauye. Shi da matansa da 'ya'yansa suke tsinkar audugar da hannu, guda-guda, shi ya sa ma take fita fes ba datti. Ranar awo a tara ta a fuloti, a ɗora a sikeli, a rubuta a littafi. Idan kuɗi suka fito, sai an fara cire bashin taki da magani tukuna. Kuma bashin na jama'a ne, idan gonar maƙwabcinka ta ƙi, daga cikin naka za a cire nasa. Abin da ya rage shi ne kuɗin makarantar yara, da magani, da kwanon rufi, da sadakin ɗa. Takin da aka karɓo da sunan auduga kuma shi ne yake ciyar da gonar masara, saboda haka faɗuwar auduga takan taɓa har rumbu. Mutumin nan yana cikin masu noma auduga da mafi ƙarancin kashe kuɗi a duniya. Da gasa ce ta gaskiya, shi zai yi nasara. A shekarar 2000, da aka yanka wa manoman Mali farashin da ba zai fitar da su ba, da yawansu suka ƙi shukawa, abin da ƙasar ta noma ya ragu da kusan rabi. Lissafin Oxfam ya nuna cewa a 2001 Mali ta karɓi taimakon dala miliyan 37 daga Amurka, ta kuma yi asarar dala miliyan 43 saboda karyewar farashin da tallafin Amurkar ya jawo.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne, a daidai waɗannan shekaru Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, suna matsa wa Mali da Benin da Burkina Faso da Chadi lamba su cire hannun gwamnati daga auduga. A sayar da kamfanonin gwamnati, a daina tallafin taki, a bar farashin gida ya bi na duniya. Sharaɗi ne na samun rance da na yafe bashi. An riga an karya darajar kuɗin CFA da rabi a watan Janairun 1994 da alƙawarin cewa kayan da ake fitarwa za su yi kasuwa. Ƙasashen sun bi, sun faɗaɗa noman auduga sosai, sai suka tarar farashin duniyar da aka ce su dogara da shi majalisar dokokin Amurka ce take murɗa shi. Waɗannan kamfanonin gwamnati ba tsarkaka ba ne, an yi sata da almubazzaranci a cikinsu, manoma da kansu sun sha kuka da su. Sai dai wanda yake cewa tallafi ɓarna ne a Bamako bai taɓa iya faɗa wa Washington haka da murya mai tasiri ba, domin Washington ba ta zuwa wurinsa neman bashi.

Ba kuma haɗari ne ya kawo haka ba. A IMF ƙuri'a gwargwadon jari take. Amurka tana da sama da kashi 16 cikin ɗari, manyan shawarwari kuwa sai da kashi 85 suke wucewa, wato ita kaɗai tana iya hawa kujerar na-ƙi. Tun kafuwar cibiyoyin biyu a taron Bretton Woods na 1944, al'ada ta tsaya a kan Ba'amurke ne zai shugabanci Bankin Duniya, ɗan Turai kuma ya shugabanci IMF. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara, waɗanda suka fi kowa zama ƙarƙashin sharuɗɗan asusun, sai a 2024 suka samu kujera ta uku a majalisar daraktocinsa.

A 2003 ƙasashen huɗu suka yi abin da ba a saba gani daga matalautan ƙasashe ba, suka kai kukansu WTO a rubuce. Shugaban Burkina Faso na lokacin, Blaise Compaoré, ya je hedikwatar WTO a Geneva da kansa a watan Yuni ya yi bayani. Buƙatarsu biyu ce: a janye tallafin auduga cikin 'yan shekaru, kafin nan kuma a biya su diyyar asarar da suke yi. Suka ce rayuwar mutane sama da miliyan 10 a yammaci da tsakiyar Afirka ta rataya a kan wannan amfanin gona. A taron ministoci na Cancun a Meziko, cikin watan Satumba, daftarin da aka fitar bai taɓa tallafin ba. Shawarar da ya ƙunsa ita ce a taimaka wa waɗannan ƙasashe su rage dogaro da auduga, su nemi wasu sana'o'in. Wato wanda ya fi iya noman shi zai bar gona. Wakilan Afirka sun fusata ƙwarai, kuma wannan na cikin abubuwan da suka sa taron ya watse ba a cimma komai ba. A Hong Kong a 2005 aka yi alƙawarin za a magance matsalar auduga da gaggawa. An soke tallafin fitarwa, wanda dama kotu ta riga ta haramta, amma babban tallafin cikin gida yana nan. Amurka ta sauya masa kama a dokar noma ta 2014, ta mai da shi inshora, a 2018 kuma majalisa ta sake mayar da auduga cikin jerin amfanin gonar da ake ba kariyar farashi. Ita kanta ƙofar shari'ar ta rufe: tun watan Disambar 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ba ta zama, saboda Amurka ta hana a naɗa sababbin alƙalai, daga gwamnatin Trump har ta Biden.

Idan aka ce wa masu sukar tsarin jari-hujja ai kasuwa a buɗe ce ta arzuta Turai, sukan ce a buɗe littafin tarihi. A ƙarshen ƙarni na 17 yadin Indiya ne yake cin kasuwar Ingila saboda kyau da araha. Majalisar Ingila ta kafa dokoki a 1700 da 1721 ta hana shigo da shi da ma sanya shi, masaƙun gida suka samu inuwar da suka girma a ciki. Da Lancashire, cibiyar masaƙun Ingila, ta yi ƙarfi ta mamaye duniya, sannan Ingila ta fara wa'azin a buɗe kasuwa. Audugar da take saƙawa kuwa bayi ne suke noma ta a kudancin Amurka, inda a 1860 ake da bayi kusan miliyan 4, auduga kuma ta fi rabin duk abin da ƙasar take fitarwa. Ita ma Amurkar, tun daga shawarar sakataren baitulmalinta na farko, Alexander Hamilton, ta 1791, da katangar kuɗin fito ta rene masana'antunta, ta kuma riƙe wannan katanga har bayan Yaƙin Duniya na Biyu kafin ta sassauta sosai. Japan da Koriya ta Kudu da Sin duk ta wannan hanya suka bi. Tsanin da suka taka suka hau shi ne aka janye, aka ce da na ƙasa su yi tsalle.

Mu a ƙasar Hausa wannan tarihi ya ratsa ta tsakar gidanmu. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar da gari mai sayar da tufafi har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Mata suna kaɗi da mazari, masaƙa suna saƙa, marina suna rini da baba, mabuga suna buga turkuɗi har ya yi ƙyalli. Auduga ba ta barin ƙasar sai ta zama riga ko rawani. A 1902 masu masaƙun Manchester suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila take mulka, kuma fatan samun audugar Arewa na cikin manyan dalilan shimfiɗa layin dogon da ya iso Kano a 1911. Manoman Kano sun ba su mamaki, suka rungumi gyaɗa domin ta fi riba, masaƙan gida kuma sukan taya auduga fiye da farashin Bature. Duk da haka tsarin ya kafu a hankali a ƙasar Zazzau da Katsina da Zamfara: a gurza a Funtuwa ko Gusau, a ɗaure dila-dila, jirgin ƙasa ya kai teku, yadi ya dawo daga Ingila.

Gwamnatin Sardauna ta yi ƙoƙarin juya wannan akala. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, KTL, wasu suka biyo baya, cikinsu har da UNTL a 1964, har unguwar Kakuri ta zama gari guda na ma'aikatan masaƙa. Wanda ya san Kakuri a wancan zamani zai ba ka labarin lokacin canjin aiki, jiniya ta yi kuka, titi ya cika da kekuna, masu abinci da masu shayi suna jiran fitowar dubban mutane. A Kano ma Bompai da Sharaɗa da Challawa sun cika da masana'antu. Saƙa ta zama sana'ar da ta fi kowace ɗaukar ma'aikata a masana'antun Najeriya. Sai ga 1986. Bayan muhawarar da aka yi a 1985 inda jama'a suka ƙi amincewa da rancen IMF, gwamnatin Janar Babangida ta ƙi karɓar kuɗin amma ta ɗauki sharuɗɗan da sunan shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Naira da take kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen huɗu cikin 'yan watanni, kayan gyaran injuna da sinadaran rini suka yi tsada. Aka rushe hukumar auduga tare da sauran hukumomin sayen amfanin gona, ba tare da an tanadi wanda zai ci gaba da raba ingantaccen iri da tantance daraja ba, iri ya gauraye, inganci ya faɗi. Albashi ya daina sayen atamfa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, bayan an kawo ƙarshen yarjejeniyar kason tufafi ta duniya a farkon 2005 kayan Sin sun cika ko'ina. Yau ka shiga Kantin Kwari ka ƙirga rumfunan da suke sayar da yadin da aka saƙa a Najeriya.

A nan ne nake rabuwa da wasu masu wannan ra'ayi. Ba IMF ce ta hana mu wutar lantarki shekara arba'in ba. Ba Bankin Duniya ne yake buɗe wa motocin fasa-ƙwauri hanya da dare a iyakar Jibiya ko Maigatari ba. Bangladesh ma ta sha sharuɗɗan masu ba da bashi, ba ta da audugar kirki ta kanta, amma yau tana sahun gaba a duniya wajen fitar da tufafi, kuma tana cikin manyan masu sayen audugar Afirka ta Yamma. Haka kuma duk mai son gaskiya dole ya faɗa cewa a yau Sin ce ta fi kowace ƙasa zuba kuɗin tallafi a auduga, Indiya ma tana yi, Tarayyar Turai tana ba manoman Girka da Sifaniya. Mai sukar Amurka ya kau da kai daga Sin, adawarsa da Amurka ce kawai, manomin Koutiala bai amfana da ita ba. Amma wannan bai rushe hujjar ba. Su Bala Usman ba su taɓa raba ɓarawon gida da na waje ba, cewa suka yi tsarin yana tafiya ne domin akwai 'yan ƙasa da ribarsu take cikin shigo da kaya, waɗanda rufe masaƙa bai rage musu komai ba, ƙara musu ma ya yi. Dillalin da yake da lasisin shigo da yadi da jami'in da yake wa'azin buɗe kasuwa buƙatarsu ɗaya ce.

Kuma idan wata ƙasa ta yi yunƙurin kare kanta, ana ganin abin da yake biyo baya. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka yanke shawarar daina shigo da gwanjo a hankali domin masaƙunsu su farfaɗo. Ruwanda ta ɗaga kuɗin fiton gwanjo daga santi 20 zuwa dala 2.50 a kowane kilo. Ƙungiyar 'yan kasuwar gwanjo ta Amurka ta kai ƙara wurin gwamnatinta, ita kuma ta yi barazanar cire waɗannan ƙasashe daga rangwamen AGOA, wanda aka kafa a 2000 don ba kayan Afirka damar shiga Amurka ba haraji. Kenya da Uganda da Tanzaniya suka ja da baya. Ruwanda ta tsaya, a watan Yulin 2018 gwamnatin Trump ta dakatar da rangwamen tufafinta. Ana iya muhawara a kan ko hana gwanjo dabara ce mai kyau, domin talaka da gwanjo yake rufa wa iyalinsa asiri, dubban mutane kuma da shi suke ci. Amma muhawarar ta 'yan Ruwanda ce, su ya kamata su yanke ta. Abin da ya faru ya nuna cewa rangwamen da ake kira taimako yana iya zama linzami a duk ranar da aka so.

Thomas Sankara, tsohon shugaban Burkina Faso, ya fahimci wannan da wuri. A taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa, cikin watan Yulin 1987, ya roƙi shugabanni su haɗa kai su ƙi biyan bashin da ya ce ya samo asali daga mulkin mallaka, ya kuma nuna tufafin jikinsa da na tawagarsa ya ce masaƙan Burkina ne suka saƙa su da audugar Burkina, babu zare ko ɗaya daga Turai ko Amurka. Ya gargaɗe su cewa idan Burkina ita kaɗai ta ƙi biya, ba zai halarci taro na gaba ba. An kashe shi ranar 15 ga Oktoba na wannan shekara. Mulkinsa yana da nasa kurakuran, ciki har da takura wa ƙungiyoyin ƙwadago, amma lissafinsa na auduga daidai ne: riba tana cikin kaɗi da saƙa da ɗinki, ɗanyar auduga kuwa farashinta a hannun wasu yake.

Har yanzu sama da kashi 90 cikin ɗari na audugar Afirka ta Yamma ɗanya take fita. Abin da ƙasashen huɗu suka samu a hannu bayan shekara ashirin suna kai kawo a Geneva bai taka kara ya karya ba: 'yan shirye-shiryen horaswa, da ranar 7 ga Oktoba da aka keɓe a matsayin ranar auduga ta duniya. Taron ministocin WTO na Abu Dhabi a 2024 ma ya tashi ba tare da matsaya a kan noma ba. Benin ta gaji da jira, ta buɗe yankin masana'antu a Glo-Djigbé kusa da Kwatano, inda aka fara kaɗi da saƙa da ɗinki da audugar ƙasar. Ko zai ɗore ya danganta da wutar lantarki mai araha, da bashin banki mai sauƙin ruwa, da kariyar kuɗin fito na wasu shekaru har jaririyar masana'antar ta tsaya da ƙafafunta. Waɗannan ukun duk sai da hannun gwamnati suke samuwa, kuma su ne abubuwan da za a fara neman a janye a ranar da ƙasar ta koma teburin masu ba da bashi. Duk gwamnan Arewa ko ministan da yake alƙawarin farfaɗo da masaƙun Kaduna da Kano, tambayar da ya kamata manoman Funtuwa da tsofaffin ma'aikatan Kakuri su yi masa ita ce ta ina zai samo waɗannan ukun, kuma wa ya shirya ɓata wa rai a gida da waje don ya riƙe su.